Yadda za ka gano soket ɗin da ya dace da babban notin hob

Duk wanda ya tashi canja boris ɗin ƙafar gaba, ko shaf, wato ƙarfen da ke juya taya, da ya fara ƙas-ƙas-ƙas in an sha kwana, ya san inda aikin yake cijewa. A cire taya, sai ga wani ƙaton noti zaune a tsakiyar hob, wato ƙarfen da ake ɗaure taya a jikinsa. A buɗe akwatin sifanoni a tarar soket mafi girma 24 ne, in an yi sa'a 27. Wannan notin shi ke riƙe da kan shaf a cikin hob, shi ne kuma ke matse boris wuri ɗaya, don haka da gangan aka yi shi babba, aka ɗaure shi tamau. Notin taya a yawancin ƙananan motoci ana ɗaure shi ne da ƙarfin Nm 100 zuwa 120 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti). Na hob kuwa daga wajen 180 yake farawa, wasu su haura 300. Irin wannan ɗaurin ba ya yafe wa soket ɗin da ya yi kusan daidai. Ko dai ya zauna cif, ko ya cinye kusurwoyin notin ya bar ka da aikin da ya fi na farko wuya.

Abu na farko da mutane ke yi shi ne tambaya: motata ƙirar kaza ce, lamba nawa take ci? Tambayar ba laifi ba ce, kuma akwai lambobin da suka fi yawa. Ƙananan motoci masu ja da ƙafar gaba galibi suna tsakanin 30, 32, 34, 35 da 36. Toyota Corolla da Camry da yawa 30 ne mai kusurwa goma sha biyu. Honda Civic akan same ta da 32, Accord da 36. Nissan da Subaru 32 ya fi yawa a cikinsu. Peugeot da Citroën da dama 35 suke ci, lambar da sau da yawa ba ta zuwa a cikin jerin soket na yau da kullum. BMW E36 da E46 notin gabansu 46 ne. Tsohuwar Volkswagen Beetle 36 ne a baya. Ka riƙe waɗannan a matsayin inda za ka fara zato, amma kada ka fitar da kuɗinka a kansu. Mota ɗaya, suna ɗaya, tana iya canja noti daga wannan shekara zuwa waccan, ko daga ƙaramin inji zuwa babba. Babban abin da ke rusa lissafin kuma shi ne motar da ta daɗe a hannun mutane. In an taɓa canja mata shaf da wanda ba na kamfani ba, sabon yakan zo da nasa notin, wani lokaci da wata lamba dabam. Na sha ganin mota 30 mai kusurwa goma sha biyu a hagu, 32 mai kusurwa shida a dama. Gani ya kori ji. Je ka duba notin da ke jikin motarka, kuma ka duba ɓangarorin biyu.

Ba sai ka ɗaga motar ba kafin ka gan shi. A rim da yawa, in ka ɓanɓare murfin tsakiya, notin zai bayyana. In akwai hular ƙarfe a kansa, sa bakin sukundireba a gefenta ka ɗan riƙa bugawa kana zagayawa har ta fito. Sai ka sa buroshin waya ka karce tsatsa da busasshen laka, ka goge da tsumma. Kada ka tsallake wannan. Tsatsar da ta yi ɓawo tana iya ƙara wa noti rabin milimita, sai ka auna 32 ka ga kamar 33, ka shiga neman abin da ba shi kake buƙata ba.

Da ya fito fes, ka ƙirga kusurwoyinsa. Shida ne, irin notin da kowa ya sani, ko goma sha biyu ne, mai ƙananan haƙora a zagaye? Ka kuma lura da abin da ya kulle shi, domin za mu dawo kansa.

Awo kuwa daga fuska zuwa fuska ake yinsa, wato daga shafaffen gefe zuwa shafaffen gefen da ke fuskantarsa. Lambar da ke rubuce a jikin soket wannan tazarar take nufi. A nan ne na fi ganin ana tafka kuskure, domin in aka ɗora ma'auni a kan noti, ido yakan tafi ga kusurwoyi. Daga kusurwa zuwa kusurwa kuwa ya fi faɗi da kusan kashi 15 cikin ɗari. Noti mai lamba 32, in ka auna shi ta kusurwa, zai ba ka kusan 37, sai ka ce ai 36 ne, ka sayo, ka zo ka tarar yana juyawa a kansa fayau. Mai lamba 30 zai ba ka 34 da ɗoriya, ka ɗauka 34 ne ko 35. Ma'aunin baniya, mai baki biyu da ake zamewa su kama abin da ake aunawa, ya fi komai a wannan aikin, kuma ko na roba mai arha ya wadatar. In babu shi, ka ɗauki sifana mai daidaitawa ka matse bakinta a kan fuskoki biyu har ta daina motsi, ka zare ta a hankali ba tare da ka taɓa abin juyawar ba, ka auna buɗin bakin da rula. In notin ya nutse cikin rami har sifanar ba ta kai masa, yanki kwali mai tauri ka yi masa baki kamar na sifana, ka riƙa rage shi kaɗan-kaɗan har ya zauna a kan notin, sannan ka auna kwalin.

Mai kusurwa goma sha biyu ba shi da shafaffen gefen da za ka kama sosai. Abin da nake yi shi ne in auna daga kan haƙori zuwa kan wanda ke daura da shi, in raba da 1.155. In na samu wajen 34 da rabi, na san 30 ne. In na samu 41 da ɗan wani abu, 36 ne. Kan haƙoran yakan ɗan dakushe, saboda haka awon yakan gaza lissafi kaɗan, ba ya wuce shi.

Akwai wata lamba da ke rikita mutane in sun duba takardar kayan gyara ko jikin kwalin sabon noti. Za ka ga an rubuta M22×1.5 ko M24×1.5. Wannan kaurin tiredin shaf ne da tazarar zarensa, ba lambar soket ba. Galibi M20 yana tafiya da 30, M22 da 32, M24 da 36, amma masu ƙera motoci ba su ɗaure kansu da wannan ba. Wanda ya ga M24 ya je ya sayo soket 24 zai dawo gida da abin da ko kan shaf ɗin da ƙyar zai rufe.

In soket ɗin inci ne a hannunka ko a hannun wanda za ka ara a wurinsa, inci ɗaya milimita 25.4 ne, sai ka yi lissafi. Inci 1 da 3/16 ya zo 30.16, yana zama a kan 30 lafiya. Inci 1 da 3/8 ya zo 34.9, kusan 35 ke nan cif. Inci 1 da 1/4 ya zo 31.75, yakan shiga kan 32 da matsi, wani lokaci ya ƙi. Wanda nake jan kunne a kansa shi ne inci 1 da 7/16. Ya zo 36.5, yana shiga kan 36 cikin sauƙi har mutum ya ji daɗi, alhali rabin milimitar nan ya isa ya sa shi tsallake kusurwa in aka hau kan sanda, wato dogon ƙarfen da ake juya soket da shi. Haka ma sa 36 a kan 35, wanda masu Peugeot ke yawan yi saboda 36 ya fi sauƙin samu. Yana iya kwancewa sau ɗaya in notin bai cije ba. In ya cije, za ka ji sandar ta tafi laƙwas, ka zare soket ka ga kusurwoyin sun yi fari suna ƙyalli, ƙarfen ya tattaru gefe ɗaya. Daga nan ko 35 na gaskiya ka kawo ba lallai ya shiga ba.

Batun kusurwa kuma ga yadda yake. Soket mai kusurwa goma sha biyu yana hawa noti mai shida, yana kuma hawa mai goma sha biyu. Soket mai shida kuwa mai shida kaɗai yake hawa. Wannan ya sa wasu ke cewa a sayi mai goma sha biyu kawai a huta. Ni ban yarda da wannan ba in notin mai shida ne. Mai shida yana rungumar fuskokin notin, mai goma sha biyu kuwa gab da kusurwa yake kamawa, kuma kusurwa ita ce ta fara lalacewa a tsohon noti. In motarka mai shida ce, sayi mai shida. In mai goma sha biyu ce, ba ka da zaɓi, kuma kada wani ya ce maka a buga mai shida da guduma zai shiga.

Lamba ta yi daidai, kusurwa ta yi daidai, amma har yanzu soket na iya ƙin aiki saboda zurfi. Kan shaf yana leƙowa bayan notin, a wasu motocin da tsawon da ya kai gaɓar yatsa ko fiye. Gajeren soket zai tokare da kan shaf tun bai rufe notin ba, ya kama rabin tsayinsa kawai. Daga waje za ka ga kamar ya zauna. Ka auna daga gindin notin zuwa ƙarshen shaf, ka tabbata ramin soket ya fi haka zurfi, tare da tuna cewa kan sanda ma yana cin wani wuri daga baya. Ni dogo nake saye kullum a wannan aikin, tun da dogo yana yin aikin gajere, kuma yana fito da sandar waje daga cikin rim ba tare da an ƙara mata wani ƙarfe ba.

Sai kauri. Notin yana zaune ne a cikin ramin hob, kuma in za ka kwance shi taya na ƙasa, sai soket ya ratsa ramin tsakiyar rim. Wasu soket ɗin masu ƙarfi bangonsu ya yi kauri har ba sa shiga. Auna faɗin ramin, ka tafi da lambar. Soket ɗin da aka yi musamman don notin shaf dogo ne, bangonsa kuma ba ya cika kauri, akan sayar da shi ɗaiɗai ko a jeri daga 29 ko 30 zuwa 36 ko 38. Mai mota ɗaya guda ɗaya ya ishe shi. Mai taɓa motocin mutane ya sayi jerin.

Ramin bayan soket, inda sanda ke shiga, shi ma sai an duba. Akwai na rabin inci, akwai na inci 3/4, akwai na inci ɗaya na manyan motoci. Daga 30 zuwa 36 rabin inci yana yi, in sandar mai kyau ce. Daga 41 zuwa sama, ko notin da tsatsa ta riƙe, 3/4 ya fi kwanciyar hankali. Ka sayi wanda ya dace da sandar da kake da ita. Ƙaramin ƙarfen nan da ake sawa a haɗa sandar rabin inci da soket 3/4, ko akasin haka, shi ne ke fara murɗewa ya karye, kuma yakan karye ne daidai lokacin da duk nauyinka ke kan sandar. Game da irin ƙarfe, akwai mai ƙyalli na aikin hannu, akwai baƙi da aka yi don bindigar kwance noti, ta iska ko ta batir. Baƙin yana jure bugu, kuma yana aiki da sandar hannu ma. Mai ƙyallin in aka sa shi a bindiga yana iya tsagewa ya yi tsartuwa. Saboda haka baƙin nake zaɓa, in dai kaurinsa ya shiga ramin.

Racet kuwa, wato gajeren hannun soket mai haƙora a ciki, ka bar shi a akwati. Ga lissafin: notin da aka ɗaure da Nm 245, irin na Accord da yawa, in hannun racet ɗinka santimita 25 ne, sai ka sauke nauyin kilo 100 a ƙarshensa kafin ka kai ƙarfin da aka ɗaure shi da shi, kwancewa kuma takan nemi fiye da haka. Haƙoran cikin racet ba a yi su don wannan ba. Da sanda mai santimita 60, kilo 42 ya kai ka wurin.

Manyan motocin daji masu tsohon tsari labarinsu dabam ne. Toyota Land Cruiser irin su 60, 70 da 80, da tsohuwar Hilux mai gatarin gaba ɗaya miƙaƙƙe, notinsu 54 ne, wanda ya yi daidai da inci 2 da 1/8. Tsofaffin Land Rover 52 ne, ko inci 2 da 1/16. A irin waɗannan noti biyu ne sirara, da washa mai kunnuwa a tsakaninsu da ake lanƙwasawa ta kulle su. Duk girmansu ba a ɗaure na cikin da ƙarfi irin na shaf ɗin ƙaramar mota, domin aikinsa daidaita matsin boris ne. Soket ɗinsu ma kamar guntun bututu yake, mai siririn bango, saboda tsakanin notin da bangon hob babu wuri. Soket 54 na gama-gari mai kauri sau da yawa ba ya shiga. Ka kuma duba bakinsa: in an fafe shi sosai daga ciki, ba zai kama siririn noti da kyau ba, mai shafaffen baki ya fi. Wasu motocin kuma, kamar tsofaffin a-kori-kura na Amurka masu gatarin Dana 44, notinsu zagayayye ne mai tsaga huɗu, soket ɗinsa mai haƙora huɗu ne da ke shiga tsagogin. A nan sai ka ƙirga tsagogin ka auna faɗin da'irar.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne in buɗe irin wannan hob in tarar an yi ta saran notin da kurfi da guduma ana juya shi. Gefensa duk ya zama tabo, ɓarɓashin ƙarfe ya zuba cikin giris, daga giris ya wuce cikin boris. Ba yadda za a yi kuma a daidaita matsin boris da sara. In ka tarar da naka haka, ka sayi sababbin notoci da washa tare da soket ɗin.

Wasu motocin ma ba noti ne a wurin ba. Volkswagen da Audi da yawa na baya-bayan nan ƙaton bol ne ke shiga cikin shaf, kansa mai kusurwa goma sha biyu lamba 24, ko mai shida, ko mai ramin alanki. Wani dalilin ke nan na buɗe murfin a duba kafin a fita.

Dabarar da ta fi duk awon nan sauƙi ita ce ka fara sayen sabon notin, tun da yawancinsu sau ɗaya ake amfani da su. Ba da lambar shasin motar, mai harafi da lamba 17, a ba ka nata. Kara shi da tsohon ka ga ko girmansu ɗaya, sannan ka tafi da shi wurin sayen soket. Jefa shi ciki. Ya kamata ya shige har ƙasa da kansa, in ka juya shi da yatsa ya ɗan motsa kaɗan ƙwarai ya tsaya. In yana kaɗawa kana jin ƙwas-ƙwas, nemi na ƙasa da shi. In sabon da tsohon sun bambanta, soket biyu kake buƙata, ɗaya na kwancewa ɗaya na ɗaurewa, gara ka san haka tun motar tana kan ƙafafunta.

Soket ya samu, sai a cire makulli. In fil ne mai ƙafa biyu da ya ratsa shaf, miƙe ƙafafun da filaya ka zare shi, ka cire hular da ke kan notin in akwai. In kuwa notin yana da siririn wuya da aka dannawa cikin wata tsaga a kan shaf, sai ka ɗaga dannin. Ka sa siririn kurfi ko ƙarfe mai tsini a cikin tsagar, shafaffen gefensa na kallon shaf, ka buga a hankali har wuyan ya koma da'ira. Wasu na barin dannin su ce bindiga za ta buɗe shi. Tana buɗewa, amma yakan karce tiredin shaf yana fita, ranar ɗaurewa sabon noti ya ƙi tafiya. Fesa man kwance tsatsa ka ba shi lokaci ya shiga.

Motar tana ƙasa, an ja birkin hannu, an sa waigi a tayoyi, wani ya zauna ya taka birki. Tura soket har ya zauna, ka sa sandar ta miƙe a kwance ta yadda ƙasa za ka danna. Danna ƙasa ya fi ja sama aminci ga bayanka. In soket na son sunkuyawa, tallafe wuyan sandar da abin tokare mota ko guntun katako daidai tsayinsa. Ka sauke nauyinka a hankali, ban da tsalle a kan sanda. Zai yi ƙara ɗaya mai ƙarfi ya saki. Da ya saki, tsaya. Kada ka wuce kwatan zagaye nauyin mota na kan taya, kada kuma ka tura ta ko taku ɗaya notin na kwance, domin shi ke haɗe da ɓangarorin cikin boris, in suka buɗe ƙarƙashin nauyi boris ya tashi aiki ko sabo ne. Ɗaga motar, ka sa mata abin tokarewa na ƙarfe, ban da dogaro da jak kaɗai, sannan ka ƙarasa.

In ya ƙi sakin, zura bututun ƙarfe a kan sandar ka ƙara mata tsawo, ka sake fesa mai. Wuta ba na son ta a nan, saboda giris ɗin boris, robar shaf da wayar ABS ta birki duk suna kusa. Kafin ka ƙara ƙarfi kuma, in motar tsohuwa ce sosai, dubi zaren da ya leƙo. Akwai masu tiredin hagu a ɓangare ɗaya, kamar ƙafar gaba ta hagu a Beetle, wanda in kana juya shi yadda aka saba ƙara ɗaure shi kake yi.

Wajen mayarwa, soket ɗin nan dai shi ne, amma da sifana mai awon ƙarfi, kuma da lambar da littafin motarka ya faɗa. Corolla da yawa Nm 216 ne, Civic da yawa 181, kowace da tata. Ka duba iyakar sifanarka tun da wuri, domin da yawa daga cikin masu rabin inci a 210 suke tsayawa. Kada kuma ka yi kwancewa da ita, awonta zai lalace. In babu ita sam, nauyin jikinka ma'auni ne: mai kilo 70 da ya tsaya cak da ƙafa ɗaya a kan sanda miƙaƙƙiya, santimita 35 daga tsakiyar soket, ya ba da wajen Nm 240. Ka sa alama a sandar da alli, ka hau a hankali ba girgiza, sannan ka kai motar a tabbatar da awon da sifanar gaskiya. Bayan haka ka danna wuyan sabon notin cikin tsagar da ƙarfe mai dakusasshen baki, ko ka sa sabon fil ka lanƙwasa ƙafafunsa.